Abin da Ɗalibin Kimiyya Zai Koya Daga Garin Ceri na Faransa

A gabashin ƙasar Faransa, a gindin duwatsun Vosges, akwai wani ƙaramin gari mai suna Fougerolles, wanda ake furta sunansa Fujrol. Yana cikin lardin Haute-Saône, kusa da garin Luxeuil-les-Bains, kuma wani ƙaramin kogi da ake kira Combeauté ya ratsa ta cikinsa. Mutanensa ba su wuce dubu huɗu ba, ko da bayan an haɗe shi da maƙwabcinsa Saint-Valbert a ranar 1 ga watan Janairu na 2019. Duk da ƙanƙantarsa, sunan garin ya zaga Faransa har ya tsallaka waje, saboda wata barasa mai ƙarfi, fara tas kamar ruwa, da ake yi da 'ya'yan itacen ceri, wadda ake kira kirsch.

Da jin wannan, wani malami zai iya cewa babu abin da ya haɗa ɗalibansa da garin masu barasa. Yana da hujja, domin barasa haramun ce ga Musulmi, likitoci kuma sun daɗe da tabbatar da cutarwarta ga jikin kowa. Amma ƙin shan abu daban, ƙin sanin yadda yake daban. Kusan duk wani babi na ilmin sinadarai da na halittu da ake karantawa a manyan azuzuwan sakandare yana nan a aikace a wannan gari: tsimuwa, tata ta hanyar tururi, guba da gwargwadonta, da zaman cuɗanya tsakanin itace, ƙwari da yanayi. Tarihin garin kuma yana nuna cewa sana'ar gargajiya ba ta ɗorewa a wannan zamani sai ta yarda a auna ta, a gwada ta, a kafa mata iyaka. Wannan darasi ya fi kwalbar da ke ɗauke da sunan garin daraja.

Itatuwan da suka yi garin

Ceri ɗan itace ne da girmansa bai wuce na ɗinya ba, mai ƙwallo ɗaya a tsakiya. Irin da ake nomawa a Fougerolles ƙanana ne, baƙaƙe ko jajaye, masu zaƙi ƙwarai, Faransawa na kiransu guignes. Akwai iri-iri da manoman yankin suka zaɓa suka adana tun kaka da kakanni ta hanyar auren itace, kamar yadda ake yi wa mangwaro, kowanne da sunansa: Béchat, Jean-Blanc, Tinette da sauransu. Ba a jera su a matse kamar gonar zamani. Dogayen itatuwa ne a warwatse cikin filayen ciyawa, shanu na kiwo a ƙarƙashinsu, ta yadda fili ɗaya ke ba da madara da 'ya'yan itace gaba ɗaya. Suna fure a watan Afrilu, a girbe su daga ƙarshen Yuni zuwa cikin Yuli, ta hanyar girgiza itacen 'ya'yan su zubo a kan shimfiɗa.

Itacen ceri yana bukatar ɗaruruwan sa'o'i na sanyin hunturu kafin ya farka ya yi fure yadda ya kamata, shi ya sa ba ya yi a ƙasa mai zafi. Har ila yau, dogon itace irin na Fougerolles kan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ya soma ba da amfani sosai. Ke nan wanda ya dasa shi yau, 'ya'yansa ne za su fi cin moriyarsa.

A ƙarni na 19 ne sana'ar ta bunƙasa daga aikin bayan gida zuwa masana'anta. An kafa gidan Paul Devoille a 1859, na Peureux kuma a 1864. Garin ya kuma yi suna wajen yin absint, wata barasa da ake yi da wani tsiro dangin tazargade, har zuwa 1915 lokacin da gwamnatin Faransa ta haramta ta, haramcin da ba a ɗage gaba ɗaya ba sai a 2011. A da masana'antun sun kai gommai. Yau manyan da suka rage ana iya ƙirga su da yatsun hannu, sai kuma manoma masu ƙananan tukwane. Ɗaya daga cikin tsoffin gidajen, a unguwar Petit-Fahys, an mayar da shi gidan tarihi inda ɗalibai ke zuwa ganin kayan aikin da.

Abin da ke faruwa a cikin ganga

Idan aka zuba 'ya'yan ceri a ganga aka rufe, bayan kwana kaɗan sai a ji suna tsuwa, kumfa na tasowa. Masu wannan aiki wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, watau yis, dangin wanda ke kumbura burodi. Yis yana cin sukarin da ke cikin 'ya'yan itacen don ya sami ƙarfin rayuwa, sa'an nan ya fitar da abu biyu: sinadarin etanol da iskar kabon-dayoksaid. Ɗalibi ya san wannan a rubuce:

C6H12O6 → 2C2H5OH + 2CO2

Ma'ana, giram 180 na sukari zai ba da giram 92 na etanol da giram 88 na iska, in da a ce ba a yi asarar komai ba. A aikace ana samun ƙasa da haka, domin yis yana amfani da wani ɓangare wajen gina jikinsa. Idan aka cire nauyin ƙwallo da ɓawo da ruwa, sai a ga dalilin da ya sa ake bukatar kusan kilo goma na ceri kafin a sami lita ɗaya ta kirsch.

Mutane sun shekara dubbai suna tsima abinci ba tare da sanin dalili ba. Wanda ya warware zancen ɗan wannan yanki ne na Franche-Comté, watau Louis Pasteur, wanda aka haifa a garin Dole a 1822. Tsakanin 1857 da 1860 ya nuna cewa tsimuwa aikin halittu masu rai ne, kuma kowane irin tsami da irin halittar da ke kawo shi. A 1897 wani Bajamushe, Eduard Buchner, ya niƙe yis ya tace ruwansa, ya ga ruwan shi kaɗai yana tsima sukari, abin da ya nuna cewa wasu sinadarai ne a cikin yis, waɗanda ake kira enzayim, ke gudanar da aikin. An ba shi kyautar Nobel a 1907. Daga binciken da ya faro a kan gangar giya ne Pasteur ya kai ga fahimtar cewa ƙwayoyin cuta ke kawo cututtuka, fahimtar da ta sauya aikin asibiti a duniya. Wannan ilmi ɗaya ne ke bayyana yadda madara ke zama nono, yadda kalwa ke zama daddawa, da dalilin da ya sa gangar da iska ta shiga take komawa ruwan khal.

Tururi da jan ƙarfe

Yis ba ya iya rayuwa idan etanol ya kai wajen kashi 15 cikin ɗari, saboda haka tsimuwa ita kaɗai ba ta ba da barasa mai ƙarfi. Sai an bi ta hanyar tata da tururi. Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salsiyos, etanol kuwa a wajen digiri 78. Idan aka ɗora cakuɗen biyun a wuta, tururin da ya fara tashi ya fi ƙunsar etanol. In aka bi da shi ta bututu mai sanyi sai ya koma ruwa, ya ɗiga a wani mazubi. Masu sana'ar suna raba abin da ke ɗiga kashi uku: na farko suna kiransa kai, na tsakiya zuciya, na ƙarshe wutsiya. Na tsakiyar kaɗai suke ajiyewa, domin kai yana ɗauke da sinadarai masu yaji da saurin tashi, wutsiya kuma da masu nauyi da wari. Daga nan a zuba a manyan tulunan gilashi a ajiye a saman ɗaki, ƙarƙashin rufi, wata da watanni. Da yake gilashi ba ya rina abin da ke cikinsa kamar yadda gangar katako ke yi, kirsch ba ta da launi.

Wannan fasaha tana da tarihin da ya kamata ɗalibi ya sani. Tukunyar da ake aikin da ita Faransawa na kiranta alambic, daga kalmar Larabci al-anbiƙ. Ita kanta kalmar alcool daga al-kuhl ta samo asali, watau kwallin da ake sa wa a ido. Masana irin su Jabir ibn Hayyan, al-Kindi da al-Razi sun yi aiki da wannan tukunya a ƙarni na 8 zuwa na 10, al-Kindi ma ya rubuta littafi a kan haɗa turare da tatar ruwan fure. Ƙa'idar da ke aiki a tukunyar Fougerolles ita ce ke aiki a matatar mai, inda ake raba ɗanyen mai zuwa fetur, kananzir da gas, ita ce kuma ake bi wajen samar da tataccen ruwan da ake haɗa allura da shi, da etanol ɗin da ake goge fata da shi kafin a yi allurar.

Guba a cikin ƙwallo

Ƙamshin da ya bambanta kirsch da sauran barasa daga ƙwallon ceri yake fitowa, kuma a nan ne hatsarin yake. Ƙwayar da ke cikin ƙwallon tana da wani sinadari mai suna amigdalin. Idan ya narke yana rabuwa zuwa sukari, da benzaldihaid mai ƙamshi, da kuma sayanayid, gubar da ke hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar oksijin. Ƙamshin da gubar uwarsu ɗaya, ba a samun ɗaya sai da ɗayan. Saboda haka dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa sayanayid kada ya wuce giram 7 a cikin kowace lita ɗari ta tsantsar etanol a irin wannan barasa. Jan ƙarfen da ake ƙera tukunyar da shi yana taimakawa, domin yana kama sayanayid da sinadaran farar wuta masu wari kafin su bi tururi.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san rogo. Rogo mai ɗaci yana da linamarin, ɗan'uwan amigdalin, wanda shi ma ke sakin sayanayid. Jiƙawa, gurzawa, matsewa da tuyar da ake yi wa garin rogo duk hanyoyi ne na korar wannan guba, kuma inda aka gaggauta aka tsallake su, an ga cutar shanyewar ƙafafu da ake kira konzo a wasu ƙasashen Afirka.

Akwai kuma abin da hancin gwani ba zai taɓa ganowa ba. A 1985 hukumomin lafiya na ƙasar Kanada suka gano wani sinadari mai suna etil kabamet da yawa a cikin wasu nau'o'in barasa, kuma bincike ya nuna ya fi yawa a waɗanda aka yi da 'ya'yan itace masu ƙwallo. Yana samuwa ne daga ragowar sayanayid idan ya haɗu da etanol, hasken rana kuma yana hanzarta haɗuwar. A 2007 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam. A 2010 Tarayyar Turai ta fitar da shawarwari ga masu sana'ar: kada a farfasa ƙwallo, a tsabtace jan ƙarfen tukunya, a kare abin da aka tata daga haske, a kuma yi ƙoƙari kada sinadarin ya wuce miligiram 1 a lita. Iyaye da kakanni sun yi ɗaruruwan shekaru suna wannan aiki da ƙwarewa, amma ba su san da wannan hatsari ba, sai da na'urar ɗakin gwaje-gwaje ta nuna shi. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Haka zancen metanol yake. Yana fitowa daga fektin, sinadarin da ke riƙe naman 'ya'yan itace, kuma ko da yake yana tafasa a wajen digiri 65, zubar da kai ba ya raba shi da etanol kamar yadda mutane da yawa ke zato, domin yana bin tururin tun daga farko har ƙarshe. A cikin hanta yana rikiɗewa zuwa wani asid da ke lalata jijiyar gani, ya makantar ko ya kashe. Turai ta sa masa iyaka, ana kuma aunawa. Inda babu awo, sakamakon a bayyane yake: a 2015 mutane da dama sun mutu a garin Ode-Irele na Jihar Ondo da kuma Jihar Ribas bayan shan ogogoro mai ɗauke da metanol.

Suna da doka

An daɗe ana sayar da jabun kirsch a Faransa, wadda ake haɗawa da etanol mai araha da ɗan ƙamshi. Wannan ya karya farashi, ya kuma sa manomi ya ga ba riba a kula da dogon itace mai wuyar girbi. Mafitar da mutanen yankin suka nema ita ce tsarin kare sunan asali da Faransa ta kafa tun 1935, wanda ake taƙaitawa AOC. A 2010 aka ba su. Tun daga lokacin, ba mai ikon rubuta Kirsch de Fougerolles a kwalba sai wanda ya yi amfani da ceri irin na yankin, da aka noma, aka tsima, aka tata a cikin ƙananan hukumomi goma sha ɗaya da doka ta zayyana, kuma ya yarda masu bincike su duba gonarsa da tukunyarsa.

Abin lura shi ne, kafin a kai ga haka sai da aka rubuta abin da a da yake a ka kawai: wane iri, wace ƙasa, wane tazara tsakanin itatuwa, wane awo. Sai da masu gasa da juna suka zauna suka amince da ƙa'ida ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Irin wannan tsari ya iso Afirka. A 2013 ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta OAPI ta yi wa barkonon Penja da farar zumar Oku na ƙasar Kamaru rajista, daga baya kuma aka yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi. Takardar ita kaɗai ba ta kare komai. Abin da ke ba ta ƙarfi shi ne a sami masana da za su iya auna danshin kilishi, su ƙirga ƙwayoyin cutar da ke cikinsa, su bambanta irin albasa na asali da na jabu. Waɗannan masana kuwa yanzu haka suna zaune a ajin sakandare.

Hujjar masu suka

Mai suka zai ce duk wannan ƙoƙari an yi shi ne don a gyara abin da asalinsa cuta ne, kuma gaskiya ya faɗa. Ko an cire sayanayid da metanol da etil kabamet ƙarƙaf, etanol ɗin da ya rage shi kansa guba ne. Tun 1988 hukumar IARC ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, hukumar lafiyar Faransa kuma ta ƙiyasta mutum 41,000 a ƙasar a 2015. Tambarin AOC shaidar asali ce, ba shaidar lafiya ba, kuma kuskure ne babba a ɗauki ɗaya a matsayin ɗayan.

Ita kanta Faransa ta san haka. A 1954 firayim minista Pierre Mendès France ya sa a riƙa raba madara a makarantu, yana yaƙi da shaye-shaye. A 1960 aka hana gadon alfarmar da manoma ke da ita ta tatar lita goma ta tsantsar etanol a shekara ba tare da haraji ba. A 1991 dokar Évin ta taƙaita tallar barasa. Shan barasa a ƙasar ya ragu ƙwarai daga shekarun 1960 zuwa yau. Garin da ya jingina da kwalba kaɗai, kasuwarsa raguwa take yi, shi ya sa mutanen Fougerolles suka karkata ga masu yin kek da cakulan, ga bikin ceri da ke jawo baƙi a watan Yuli, da gidan tarihinsu. Hanyar da ta fi dacewa da su ita ce su ƙara nisa a wannan karkata, su nemi abin da ceri zai zama ban da barasa, domin itatuwan da ire-irensu ne dukiyar da ba a iya sayowa daga wani wuri.

Su kuwa itatuwan suna fuskantar barazana. Wani ɗan ƙaramin ƙuda daga gabashin Asiya, Drosophila suzukii, ya bayyana a Turai a 2008. Sauran danginsa ruɓaɓɓun 'ya'yan itace suke bi, amma macen wannan tana da wani tsinke mai haƙora kamar zarto da take huda lafiyayyen ɗan itace tun yana nuna ta zuba ƙwai. A 2016 Faransa ta hana amfani da dimetowet, maganin feshin da manoman ceri suka dogara da shi, saboda hatsarinsa ga mutane. Gonar zamani ana iya lulluɓe ta da raga, amma dogon itace a tsakiyar makiyaya ba ya lulluɓuwa. Bugu da ƙari, ɗumamar yanayi tana sa itatuwa yin fure da wuri, sai sanyi mai daskarar da raɓa ya dawo ya ƙone furen, kamar yadda ya faru a faɗin Faransa a watan Afrilu na 2021. Ba al'ada ce za ta warware waɗannan ba, sai masanin ƙwari da masanin tsirrai, da manomin da zai yarda ya dasa sabon itace a gurbin wanda ya tsufa.

Kira ga malamai

Saboda haka bai kamata malamin kimiyya ya tsallake babin tsimuwa da tata ba, ko ya bi ta kansa a gurguje don jin nauyi. Ana iya koyar da shi ba tare da an kusanci abin sha ba. Cokali ɗaya na yis ɗin burodi, da sukari, da ruwa mai ɗumi a kwalba, a ɗaura balan-balan a bakinta, ya isa ɗalibi ya ga iska tana taruwa da idonsa. In aka bi da iskar cikin ruwan farar ƙasa da aka tace ya yi fari, an tabbatar kabon-dayoksaid ce. Buta da bututu da kwano mai ruwan sanyi sun isa a raba ruwa da gishiri. Daga nan malami ya tambayi ajin dalilin da ya sa ake matse rogo kwana da kwanaki kafin a toya, ya bar su su nemo amsar a gida da kasuwa.

Ɗalibin da ya fahimci abin da ke faruwa a gangar Fougerolles ya fi wanda bai sani ba ƙarfin hujjar guje wa barasa, domin ya san abin da take yi wa hanta da jijiya. Shi ne kuma gobe zai iya tsayawa a matatar mai, ko ɗakin haɗa magani, ko wurin gwajin abinci, ya auna abin da mutane za su ci, ya faɗi ko ya cika ƙa'ida ko bai cika ba.